Sahun Da Ke Kallon Yamma

Shafi na 27

Da sunan Allah. Masu cewa na bar Bashari a tsaye a ƙofar zaure kamar maroƙi, kun yi gaskiya. Ga shi ya shiga.

*

Bashari ya cire takalmansa a bakin zauren mai unguwa, ya yi sallama.

Ba riga da hula ya sako ba. Fararen kayan karate ne a jikinsa, waɗanda aka ɗinka da buhun fulawa, har yanzu in an lura ana ganin inuwar rubutu a bayan rigar. Ɗamarar da ke ƙugunsa a karofi aka rina ta, shi ya sa baƙinta yake da shuɗi-shuɗi.

Zauren ya cika da 'yan kwamitin tarbiyya na unguwar, waɗanda dattawa suka kafa tun da Shari'a ta shigo Gwarzo. A kan buzu, a tsakiya, shugabansu ne, Malam Jibirin, yayan mahaifin Bashari. Shi ya ɗauko shi daga Dugabau yana maraya, shi ya ɗora masa allo a cinya.

Bashari ya durƙusa har ƙasa.

"Baffa, barka da yamma. An wuni lafiya?"

"Lafiya."

"Ya jiki? Ya ɗalibai?"

"Alhamdu lillahi."

Bai tambaye shi iyali ba. Kowa a zauren ya lura.

Malam Jibirin ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Haka ka ga ya dace ka zo gaban dattawa?"

"Kayan aka kai ƙara, Baffa. Na ce gara ku gan su da idonku."

"Likkafani mai ɗamara," in ji wani daga gefe.

Lukuman ne, malamin Islamiyya, matashin da ya fi kowa zafi a kwamitin. Tare suka yi karatun allo da Bashari, kuma giɓin da ke bakinsa Bashari ne ya yi masa shi suna samari.

"Sannu, Ustaz," in ji Bashari.

"Allah gafarta Malam, in karanto?" in ji Lukuman.

"Faɗi kawai."

Lukuman ya gyara zama.

"Kullum bayan asuba, a filin firamare, samari suna taruwa. Fararen kaya. Ba takalmi. Su ja sahu. Mutum ɗaya ya wuce gaba kamar liman. Ƙarya na yi?"

"Ci gaba."

"Su ba alƙibla baya, su kalli yamma. Sai na gaban ya yi wata magana da ba Hausa ba, ba Larabci ba. Sai duk su sunkuya. Ruku'u sak. Daga nan sai ihu."

"Shi ke nan?"

"Matan da ke zuwa famfo sun daina bi ta nan. Masu tafiya gona ta hanyar Lakwaya suna cewa an yi sabon addini a Gwarzo. Kuma dattawan nan sun san Kano ta taɓa ganin abin da ya fara da 'yan tsiraru a fili, ya ƙare da gawarwaki."



Mai unguwa ya yi gyaran murya.

"To, Bashari, me ya sa yamma?"

"Rana, ranka ya daɗe."

"Rana?"

"Da safe daga gabas take fitowa. In muka kalle ta, ba mai ganin hannun wani. Sai a fasa wa yaro hanci."

Wani tsoho ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi sauri ya rufe baki da rawani.

"In yamman ce ta dame ku," in ji Bashari, "gobe mu juya gabas."

"A'uzu billahi!" Lukuman ya zabura. "Ku kalli alƙibla ku yi wannan? Ai izgili ga salla kenan."

"To arewa. Amma masai ne a nan, na makaranta."

"Bashari," mai unguwa ya gargaɗe shi.

"Kudu kuma gidan hedimasta ne, katangarsa ta faɗi tun damina. In ya yarda samari su ja sahu suna kallon iyalinsa, ni ba ni da matsala. Ustaz, ka zaɓar mana. Kusurwoyin huɗu ne dai Allah ya yi."

"Ya isa," in ji Malam Jibirin.

Bai ɗaga murya ba. Bai taɓa buƙata ba.

"Ba kusurwa ce damuwata ba. Ku kalli inda kuka ga dama. Sunkuyon nake magana. Wa kuke sunkuya wa?"

"Juna, Baffa."

"Mutum ya sunkuya wa mutum?"

"Yanzu na durƙusa maka. Gwiwata ta taɓa ƙasa. Ba ka hana ni ba."

"Shi ma durƙuson ai ba shi da asali," Lukuman ya yi caraf ya ce. "Na daɗe ina faɗa. Babu wanda ya cancanci..."

Sai ya ga idanun dattawa a kansa. Mai unguwa, wanda tun safe ake durƙusa masa, ya shiga kakkaɓe rigarsa kamar wani abu ya zuba.

"Ƙarasa mana, Ustaz," in ji Bashari. "Muna ƙaruwa."

Sai ya juya wajen Malam Jibirin.

"Baffa, ka ba ni dama in faɗi yadda abin yake. Malami shi yake fara sunkuyawa. Ɗalibi ya mayar masa. Kuma ɗalibi ba ya ɗagowa sai malaminsa ya ɗago. An taɓa ganin abin bauta yana sunkuya wa mai bauta masa? Gaisuwa ce. Mutanen da suka kawo abin haka suke gaisawa."

"Mu kuma muna da sallama."

"Muna yi. Kafin a ja sahu."

"To ta wadatar."

Gaskiyar ita ce wannan tambayar ba yau ta fara cin Bashari ba. Sau da yawa yana cikin ruku'u a masallaci sai ya ji bayansa ya tuna da filin firamare, sai ya yi istigfari. Ya sha gaya wa kansa cewa na salla hannu a gwiwa ne, ido a ƙasa, na fili kuma ido a kan mutum ne. Ya sha gaya wa kansa cewa niyya ita ce abin dubawa. Amma ya san zuciya ta iya yi wa mai ita lauya. Abin da bai yarda ba shi ne a zaunar da shi a zaure a yanke masa abin da shi kansa bai gama yankewa ba.

Malam Jibirin ya ajiye carbinsa.

"Ka saurare ni. Ni ba azzalumi ba ne. Na san yaran da ka tara. Na san wanda yake shaƙar sholisho a bayan tasha. Na san waɗanda suke kwana a layin mai suna bumburutu. Gari ba aiki, ma'aikata ba albashi, uba ba ya iya tsawata wa ɗan da bai ciyar ba. Kai ka tashe su da asuba, har masallaci suke zuwa yanzu. Na gani."

"Na gode, Baffa."

"Kada ka gode tukuna. Ga hukunci. Ka cire sunkuyon, ka riƙe filin. Ka ƙi, daga yau ba kai ba filin, kuma mu aika wa iyayen yaran kowa ya janye ɗansa."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba, ko ba za ka yi ba?"

"Ba nawa ba ne da zan cire."

"Na wa ne?"

"Na Baba Saje."

Duk wanda ke zauren ya san Saje Haladu na Kutama, tsohon sojan da ya koyo karate a bariki, ya dawo gida yana noma gero yana koya wa duk wanda ya iya jure masa. Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Tun daga nan yake kwance.

"Baffa, ka tuna yadda nake. Kai da kanka ka ɗaure ni a turke saboda faɗa. Ga shaida nan a bakin Ustaz."

Lukuman ya rufe leɓe.

"Da na je wurin Baba Saje, naushi na je koya. Na ce in na dawo sai na karya duk wanda ya taɓa kallona. Damina guda bai nuna min ko dunƙule hannu ba. In zo da keke daga nan har Kutama, ya ce in sunkuya, in ɗago, in koma gida. Ya ce ba zai ba da wuƙa ga wanda wuyansa ba ya lanƙwasa ba. Abin da kuke so in cire, shi ne birkin motar. Ku bar min injin, ku cire birki, sannan ku ce in ɗauki 'ya'yan mutane?"

"Tsoron Allah shi ne birki."

"Haka ne. Amma ina da allo a hannu na fasa bakin Lukuman."

Wani ya ce, "Subhanallahi." Fuskar Malam Jibirin ta canja.

"Abin da ake kira kata," Bashari ya ci gaba, "tsari ne da aka gada. Taku da naushi da karewa, kowanne da gurbinsa. Inda ka fara, nan za ka dawo ka tsaya. Da sunkuyo ake buɗe shi, da shi ake rufewa. Ba a ƙarawa, ba a ragewa. Kamar yadda ka koya mana, ba a taɓa wasali a..."

"Kul!"

Zauren ya amsa.

"Kada ka kuskura ka haɗa Littafin Allah da tsalle-tsallenku."

"Ban haɗa ba, Baffa. Allah ya tsare ni. Amma a gabanka na koyi cewa abin da malami ya ba ka amana ce. Ban koya a bariki ba. A kan buzun nan na koya."

Malam Jibirin ya daɗe yana kallonsa. Abin da ke idonsa ba fushi ba ne kaɗai, har da wani abu kamar tausayi, kuma shi ne ya fi ba Bashari tsoro.

"Ina da tambaya," in ji Bashari. "Shari'a muke yi ko?"

"Ita muke yi."

"To in akwai ƙara, akwai mai ƙara. Ba a hukunci da an ce. Matan famfo ba su zo nan ba. Wa ya kawo ƙarata? Ya fito ya kalle ni."

Ya juya ya zuba wa Lukuman ido.

"Wallahi ba ni ba ne," in ji Lukuman. "Na so a ce ni ne. An riga ni."

"To wa?"

"Ka tabbata kana son ganinsa?" in ji Malam Jibirin.

"Ko waye."

Malam Jibirin ya ɗaga kai wajen ƙofar cikin gida.

"Ku shigo da shi."

Aka ɗaga labulen asabari. Maza biyu suka fito ɗauke da kujerar katako, suna tafiya a hankali. A kanta wani tsoho ne, an lulluɓa masa zane a ƙafa, hannun hagunsa a naɗe a ƙirji kamar fiffiken kaza, bakinsa ya karkace gefe guda. Bayansu wata mata ce cikin dogon hijabi, riƙe da buta da tsumma.

Bashari ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Baba Saje?"

Jikinsa ya riga tunaninsa. Dugadugansa suka haɗu, hannayensa suka sauka a cinya, bayansa ya fara lanƙwasa.

Tsohon ya ɗaga hannun dama, ya yi wani sauti mai kauri.

"Ya ce kada ka yi," in ji matar. Zubaidatu ce, 'yarsa, wadda take jinyarsa. Tun da harshensa ya yi nauyi ita kaɗai ke gane maganarsa duka, shi ya sa aka bar ta ta shigo cikin maza.

Bashari ya tsaya a rabi, ya miƙe.

"Wa ya wahalar da shi? Wa ya ɗauko mara lafiya daga Kutama a kan wannan hanyar? Baffa, in ni kuke so ku karya, ga ni. Me ya yi muku?"

"Yaya Bashari," in ji Zubaidatu, "shi ya ce a kawo shi. Tunkiyarsa aka sayar aka ɗauko motar akori-kura."

"Don ya kare ni?"

Ta sunkuyar da kai.

Tsohon ya yi ta kokawa da harshensa. Kalmar da ta fito, ba wanda ya buƙaci tafinta.

"Ni... ne."

"Kai ne me, Baba?"

"Ni... na kawo."

Bashari ya dubi Zubaidatu, ya dubi Baffansa, ya dubi Lukuman. Ko Lukuman ya kawar da kai.

"Ƙarya ne. An sa shi ne."

"Ba wanda ya sa shi," in ji Zubaidatu. "Ni ya aika wurin Malam. Sau biyu ina ƙi, ya daina cin abinci."

Saje Haladu ya ci gaba da magana, yawu na zuba, tana gogewa tana fassarawa.

"Ya ce tun da ya kwanta ba abin da yake yi sai kallon rufin ɗaki da jin rediyo. Ya ce ya ji wa'azi a kan mutumin da yake jin daɗi a sunkuya masa. Ya ce tun ranar, in ya rufe ido, kawuna yake gani. Duk kan da ya taɓa sunkuya masa, tun daga bariki."

"Gaisuwa ce, Baba! Kai ka ce min gaisuwa ce!"

Tsohon ya girgiza kai.

"Ya ce a wurinku gaisuwa ce. Shi kuwa ya ji daɗi. Ya ce in ya tsaya a gaba ya ga sahu ya sunkuya, wani abu yakan kumbura a ƙirjinsa, kuma ya san sunan abin. Ya ce yanzu kai ne a gaba. Ba ya so ka kwanta inda ya kwanta ka ga abin da yake gani."

Bashari ya sauke ido. Ya san abin da ake nufi. Ya san wannan kumburin. Ko jiya da safe ya ji shi.

Amma ya dake.

"Me ya sa ba ka gaya min ba? Duk Juma'a ina gabanka. Ni nake juya ka, ni nake yi maka aski. Sai ka kai ni gaban kwamiti kamar ɓarawon akuya?"

Wannan karon Zubaidatu ba ta jira mahaifinta ba.

"Ya gaya maka, Yaya. Ina wurin. Ka shafa kansa ka ce ciwo ne yake magana."



Bashari ya kama ɗamararsa da hannu biyu.

"Ranar da ka ɗaura min wannan, a bakin gonarka, me ka ce? Ka ce, Bashari, za a zo a ce ka rage. Sojoji za su ce ka rage don sauri, 'yan birni za su ce ka rage don gasa. Ka ce ko ni na dawo na ce ka cire wani abu, kada ka cire. Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

Tsohon ya gyaɗa kai.

"To wa zan bi? Wancan mutumin da ke tsaye da ƙafarsa, ko wannan? Dukansu malamaina ne. Baffa, kai ne masani. In mutum ya ɗora maka alkawari ya ce ko shi kada ka saurara, sannan ya dawo ya ce ka saurare shi, wanne ne biyayya?"



Saje Haladu ne ya amsa, a hankali, kalma-kalma.

"Lokacin... ban... ga kabari ba."

Zubaidatu ta juya fuska tana share ido da gefen hijabi.

Malam Jibirin ya miƙe, aka miƙe tare da shi.

"Magana ta ƙare. Mai amanar ya ce ya sauke maka. Ga fili nan a ƙofar zaure. Ka yi abin naku a gabanmu, daga farko har ƙarshe, ba sunkuyo. In ka yi, filin makaranta naka ne, ni da kaina zan gaya wa masu surutu su yi shiru. In kanka ya sauka ko da kamu ɗaya ne, an rufe. Ka ji?"

"Na ji."

"Ka yarda?"

"Na ce na ji, Baffa."

Aka fito da kujerar Saje Haladu, aka ajiye ta a inuwar katanga. Labari ya riga ya zaga. Mutane sun taru, masu kekuna sun jingine, mai rake ya bar baronsa. Can ƙarƙashin darbejiya ɗaliban Bashari ne a tsaye cirko-cirko. Su ne za a mayar bayan tasha in an rufe filin. Bashari ya dube su sau ɗaya, bai sake ba.

Ya tsaya a tsakiyar fili, yana fuskantar malaminsa. Ya murza dugadugansa a ƙasa har suka yi shaida.

Nan ne gurbin sunkuyon farko.

Ya ji wuyansa yana ja. Ya cije. Ya tsaya ƙyam kamar an kafa tabarya. Ji ya yi kamar ya faɗa gidan mutane ba sallama.

Sai tsohon ya buɗe karkataccen bakinsa, ya yi tsawar da yake yi a bakin gona. Muryar ta fito a fashe, amma ita ce.

Bashari ya fara kata.

Ya juya hagu ya kare, ya juya dama ya kare. Ya nutsa ƙasa, ya taso da naushi, rigar buhun fulawa tana ƙara kamar ana yaga ta. Bai taɓa yin kata da fushi ba, Baba Saje ya hana, amma yau fushin ne yake tura shi, kuma a kowane taku yana jin yadda tsarin yake kama fushin yana lanƙwasa shi, yana ba shi gurbi. Ƙafarsa ta tashi ta wuce tsayin mutum, ta dawo inda ta bari. Ya yi ƙaraji, kajin gidan mai unguwa suka watse. Wata yarinya ta ƙanƙame uwarta.

Ba wanda ya yi dariya. Lukuman ya manta bakinsa a buɗe, giɓin a waje.

Bashari ya juyo, ya tako, ya tako, ya ja ƙafar baya.

Dugadugansa suka faɗa cikin shaidar da ya yi. Daidai.

Ya sauke hannaye. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Nan ne gurbin sunkuyon ƙarshe, kuma duk wanda ke wurin ya gane, har waɗanda ba su taɓa gani ba, domin abin ya tsaya kamar magana da ba a ƙarasa ba.

Ya tsaya a miƙe. Idonsa ya yi ja. Bai sunkuya ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Jibirin, ya sauke numfashi. "Allah ya yi maka albarka. Jama'a ku shaida, filin..."

Bai ƙarasa ba.

A inuwar katanga, Saje Haladu ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan cinya. Ya ja ƙafar dama ta haɗu da ta hagu. Idonsa na kan ɗalibinsa, hawaye na bin karkataccen kuncinsa. Sai kansa ya fara sauka, a hankali, kafaɗarsa na biye, yadda ya saba yi duk ranar da ɗalibi ya yi kata ba kuskure.

Malami ya sunkuya.

"Baba, me kake yi?" Zubaidatu ta raɗa.

Malam Jibirin ya juyo da sauri.

"Bashari! Kada ka yi. Ka riga ka ci. Ka dubi yaran can!"

Bashari ya ji shi. Ya ji kowace kalma. Ya san abin da ke ƙarƙashin darbejiya, ya san abin da ke bayan tasha. Amma tun da yake, bai taɓa barin kan tsohon nan a ƙasa shi kaɗai ba.

Ya haɗa dugadugai. Ya sauke hannaye a cinya.

Ya sunkuya.

Fili ya ɗauki salati.

"Shi ke nan!" Lukuman ya ɗaga murya. "Kowa ya gani! Allah gafarta Malam, kowa ya gani!"

"Ɗago," in ji Malam Jibirin. "Ɗago, in ce ban gani ba. Bashari, ni ne na riƙe ka. Ɗago kanka!"

"Sai ya ɗago, Baffa."

"Me ka ce?"

"Ɗalibi ba ya riga malami."

Ya tsaya a haka, bayansa a lanƙwashe, gumi na ɗiga a ƙasa, idonsa na kan farar hular tsohon, yana jira ta motsa.

Ba ta motsa ba.

Hannun da ke kan cinya ya zame, ya faɗi gefen kujera yana lilo.

Butar hannun Zubaidatu ta faɗi.

"Baba?" ta ce. "Baba!"